Kwana uku yana koyar da arziki, bai ambaci takardar iƙama ba

Ƙannena na Jidda da Makka, musamman masu turo mini bidiyon "canza tunaninka, rayuwarka ta canza", ku ba ni aron kunnuwanku. Na riga ku faɗawa wannan rijiyar.

A 2015 ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a shagon kawuna a unguwar Karantina ta Jidda. Aikin zufa ne, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Sai wani aboki ya ja ni wata daura, wato kwas, ta kwana uku a zauren otal, irin abin da Larabawa ke kira tanmiya bashariyya, wato horon bunƙasa kai. Riyal 1,500 na biya, daga kuɗin da nake tarawa na aure. Mai koyarwar ya fito cikin farar jallabiya fes, agogo na walƙiya a hannunsa, ya sa muka miƙe muna tafi muna maimaita "ni mai nasara ne". Ya ce mai yi wa wani aiki gidan wani yake ginawa, kuma tsoro ne kaɗai ya raba mu da dukiya. Wallahi na fito jikina yana tsuma.

Da na gaya wa Kawu zan bar shago, bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ɗana, shi malamin naku me yake sayarwa ban da magana?" Na ɗauka hassada ce irin ta tsofaffi. Har yau wannan zaton yana ci mini rai.

Baƙo ba ya buɗe shago da sunansa haka kawai a ƙasar nan, kowa ya sani. Sai na buɗe shagon waya da sunan wani ɗan ƙasa, ina ba shi kasonsa duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma laifi ne. Dokar 2020 ma ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. A 2016 Ma'aikatar Ƙwadago ta keɓe sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasa zalla. Mai sunan ya canza kwaɗo, ya riƙe kayan. Ƙara a ina? Takarda tasa ce, ni kuwa in na buɗe baki kaina na tona.

Na koma wurin mai koyarwar ina neman ko da kalmar jaje. Ya ce mugun tunanina ne ya janyo asarar, ya kuma yi mini tayin daura ta biyu da rangwame. A nan idona ya buɗe. In ka ci riba, shi ya koya maka. In ka faɗi, laifinka ne, kawo wasu kuɗin.

Ba na hana ku buri. Amma kafin ku biya ko riyal ɗaya, ku yi wa mutumin tambayar Kawu. Ku duba sana'ar da aka rubuta a iƙamarku, wato takardarku ta izinin zama, ku tambayi wanda ya san doka abin da ta halatta muku. Kada ku saki sana'ar hannu saboda tafin kwana uku.

Na yi wata biyu ina kewaye layin shagon don kunya. Ranar da na shiga, Kawu yana durƙushe gaban wani mukayyif da ya kwance. Bai ɗago ba, ya ce, "Miƙo mini sifana mai lamba goma."