Sitayil a waya, salo a hannu

Saura kwana goma sha biyu a yi ƙaramar Sallah, wata Hajiya ta shigo shagona da turmin atamfa biyu a leda. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo min waya. "Malam, ga sitayil ɗin da nake so. Shi za ka yi min sak, kar ka rage, kar ka ƙara." Na karɓa na duba. Hoton wata budurwa ce doguwa siririya, sanye da leshi mai nauyi, rigar ta kama ƙugu ta baje daga gwiwa zuwa ƙasa. Hajiya kuwa mace ce mai jiki, ga shekaru sun fara ja, abin da ta kawo kuma atamfa ce mai manyan furanni. Na ce, "Hajiya, bismillah, ga kujera. Azumi ake, a zauna mu yi magana a tsanake."

Wannan kalma ta sitayil ina jin ta sau ashirin ko fiye a wuni ɗaya in ana kakar ɗinki. Shagona yana Fagge a Kano, ba nisa da Kantin Kwari, kekuna bakwai ne a ciki, da keken aiki ɗaya, da na wibin ɗaya mai ɗaure bakin ƙyalle, da yara shida da nake koya wa. A hannun kawuna na koyi ɗinkin maza tun ina firamare, na buɗe nawa a 2004, daga baya na ƙara ɓangaren mata da na ga nan aiki ya fi yawa.

A zamanin kawuna ba na tuna wani ya shigo ya ce a yi masa sitayil. Kowace riga da sunanta. Mutum zai ce a yi masa 'yar shara, ko jamfa da wando, ko kaftani mai linzami, ko babbar riga aska biyu, in mai hali ne aska takwas. Mata su ce riga da zani, ko bubu. In wani abu sabo ya shigo, sai a raɗa masa suna, kamar yadda aka yi wa doguwar rigar nan ta maza laƙabin tazarce a ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha, sunan ya bi ta har yau. Kalmar da muke da ita ta wannan juyi ita ce yayi. Ana yayin wando mai buɗaɗɗen baki, yayin ya wuce, a koma mai tsukakken baki. Zamani riga, in ji Bahaushe, kuma babu wanda ya san gaskiyar wannan magana kamar tela.

Sitayil ta shigo mana ne tare da hoto. Da farko manyan takardun nan masu ɗauke da hotunan ɗinki iri-iri da ake liƙawa a bangon shago, da mujallun kwalliya da ake kawowa daga Legas. Mace za ta tsaya gaban bango ta nuna da yatsa ta ce wannan. Yanzu bangon ya koma cikin waya: Instagram, TikTok, da abin da ƙawaye ke tura wa juna ta WhatsApp. Saboda haka a bakin mai kawo ɗinki, sitayil na nufin abu ɗaya tak, wato samfurin da za a kalla a kwafa. Masu zuwa mana daga Maraɗi da Damagaram ba sa ma faɗin ta, su modal suke cewa, don Faransanci ne ya ratsa bakinsu, amma abin da suke nufi ɗaya ne.

Na daɗe ina ɗauka iyakar kalmar ke nan, har sai da wani dattijo ya buɗe min ido. Tsohon malamin Turanci ne a makarantar sakandare, ya yi ritaya, ni nake masa ɗinki shekara da shekaru. Farin yadi kawai yake sawa, kaftani da wando, aiki kaɗan a wuya, ba ya canzawa. Wata rana yana zaune yana jiran a sa masa maɓalli, sai wani yarona ya tambaye shi cikin ladabi, "Baba, ba za a canza muku sitayil ba bana?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, wannan da kake gani shi ne nawa." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, ka san daga inda kalmar nan ta fito?" Na ce a'a, Baba Malam, a ƙara mana sani.

Abin da ya gaya min ban taɓa mantawa ba. Kalmar da Turawan Ingila ke rubutawa style asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda ake cewa stilus. Stilus kuwa ba tufafi ba ne, alƙalami ne: ɗan tsinke na ƙarfe ko na ƙashi, da ake rubutu da shi a kan allon katako da aka shafe da kakin zuma. Ɗaya bakin mai tsini ne na rubutu, ɗayan kuma mai faɗi ne na shafe kuskure. Har Rumawa suna da wata magana, in aka ce marubuci ya juya alƙalaminsa, ana nufin ya koma ya gyara abin da ya rubuta. Daga sunan alƙalamin sai ma'anar ta koma kan irin rubutun da ke fita daga hannun mai riƙe da shi, yadda yake zaɓen kalma da jera ta. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekara ɗari bakwai da suka wuce. Ma'anar kwalliya da yayin tufafi daga baya ta zo. Ya ce ko ɗan tsinken da ake taɓa gilashin waya da shi, stylus, jikan wancan alƙalamin ne.

Nan take na tuna makarantar allo. Malaminmu ko ba ya wurin aka yi rubutu, in ya ɗauki allo zai ce wannan hannun wane ne. Tawada ɗaya, alƙalamin kara iri ɗaya, aya ɗaya, amma yadda kowa ke jan wasali da lanƙwasa harafi daban. Ashe abin da kalmar ta fara nufi ke nan. Mu kuma muna da tamu kalmar da ta dace da wannan tsaf, wato salo. Salon magana, salon waƙa, salon tafiya, salon mulki.

Baba Malam ya ci gaba da lissafo min wasu wuraren da Turawa ke amfani da ita, waɗanda ba su da alaƙa da keke ko almakashi. Laƙabin girmamawa da ake kiran sarki ko babban mai muƙami da shi a hukumance, kamar yadda muke cewa Mai Martaba ko Mai Girma, shi ma style suke ce masa. Gidan jarida ko kamfanin ɗab'i yana da nasa style, wato ƙa'idar da ya tsayar ta yadda za a rubuta lamba da kwanan wata da sunaye. A 1752, da Ingila ta sauya kalanda, aka kwana 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata, sai masu tarihi suka riƙa bambanta kwanakin da cewa wannan na tsohon style ne, wannan na sabo. Har a ilimin tsirrai akwai ta: siririn wuyan da ke tsakiyar fure, wanda a masara shi ne gashin nan da ke fitowa a kan goyo. Na ƙara masa da ɗaya da na sani daga abokan ciniki na Sabon Gari: a Turancin buroka, in aka ce mutum ya yi amfani da style ya faɗi abu, ana nufin ya bi ta bayan gida, ya yi dabara bai fito fili ba. Ya yi dariya ya ce wannan kuma 'yan Najeriya ne suka ƙara mata.

Tun ranar na fara raba abu uku a kaina, kuma haka nake koya wa yarana. Akwai sitayil, hoton da aka kawo. Akwai yayi, abin da gari ke ciki a bana. Akwai salo, wanda yake hannun tela. Na farkon kowa na iya tura shi a waya. Na biyun zai wuce ko ka so ko ka ƙi. Na ukun ne nake sayarwa, shi ne kuma dalilin da ya sa mutum zai wuce shago goma ya zo nawa.

Salon tela yana ɓuya ne a wuraren da hoto ba ya nunawa. Ɗauki wuyan kaftani. In ka yanka shi daidai da awon tef kawai, zai shaƙe mai ƙiba, ya yi wa siriri hamma. Sai ka kalli yadda kafaɗar mutum ta zauna, ko ta sauka ko ta miƙe, ko yana ɗan duƙawa in yana tsaye, sannan ka san inda za ka sassauta. Kawuna ya koya min in sa aljihun gefe ya ɗan karkata gaba, don hannu ya shiga ba tare da rigar ta tattare ba, har yau haka nake yi. Shadda mai ƙyalli irin Getzner ba ta yafe kuskure, in allura ta huda ta ka farke, ramin yana nan, don haka ba na barin sabon yaro ya taɓa ta sai ya shekara yana ɗinka yadi. Atamfa kuma tata fitinar a zane take. Turmi yadi shida ne, a ciki za a fitar da riga da siket da ɗankwali. In furannin manya ne, dole ka shimfiɗa ta a tebur ka daɗe kana kallo kafin ka ɗora almakashi, don fure ya haɗu da ɗan'uwansa a ɗinkin gefe, kar a raba shi biyu a tsakiyar ƙirji, kar kuma zanen gaba ya kalli sama na baya ya kalli ƙasa. Wannan kallon yana cin lokaci, yana kuma cin atamfa, kuma ba wanda ke biyan ka kuɗinsa daban.

Reza ita ce faffaɗan bakin alƙalaminmu. Yaro in ya kawo min hannun riga da ya tattare a hammata, ina miƙa masa reza ya farke ya sake. Wasu suna jin haushi, musamman ana saura kwana uku Sallah, wuta ta ɗauke, janareta na shan mai, kowa ido ya yi ja. Ina gaya musu labarin juya alƙalami, in ce mutanen da suka ba duniya kalmar nan sun haɗa abin rubutu da abin gogewa a jikin tsinke ɗaya. Ni ma na taɓa biyan kuɗin leshin wata amarya daga aljihuna, farkon shigata ɗinkin mata, saboda na bi hoto ido rufe na yanka, ban lura cewa leshin hoton yana miƙewa nata kuwa ba ya miƙewa ba. Kusan ribar wata guda ta tafi. Daga nan na ɗauki alkawarin ba zan sake yanka komai ba sai na taɓa ƙyallen da hannuna na gaya wa mai shi gaskiya.

Abin da ke damuna da zamanin waya shi ne yadda yara masu basira ke tsayawa a kwafa. Yaro zai iya fitar maka da duk abin da ya gani a hoto, amma ka ba shi shadda yadi goma ka ce ga dattijo, yi masa abin da ya dace da shi, sai ya tsaya yana lalube a waya. Ba na hana su kallo, ni ma ina kallo, kuma na ƙaru da telolin Legas da na Dakar ƙwarai, musamman wajen yanka hannu da haɗa launi. Amma masu aikin hannu na Zariya da ke zama wata da watanni a kan babbar riga ɗaya ba su da hoto a gabansu, zanen yana kansu, kuma wanda ya san aiki yana gane hannun gida kaza da na gida kaza. Ina so yarana su kai inda za a ga ɗinki a filin Idi a ce wannan daga hannun wane ya fito.

Wajen kuɗi ma kalmar tana da aiki. In mace ta ce ɗinki za a yi mata kawai, kuɗinsa daban. In ta ce sitayil, to akwai shafi a ciki, akwai gam, wataƙila duwatsu ko tattara, wani lokaci kwana biyu a kan riga ɗaya. Ankon biki ya fi kowanne wuya: mata goma sha biyar, atamfa iri ɗaya, kowacce tana so tata ta fita daban, kuma duk ranar kamu ɗaya. A nan nake zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, in tambayi wacce za ta yi hidimar baƙi, wacce ke goyo, wacce ba ta son abin da zai matse ta in za ta yi salla. Amsar da suka ba ni ita ke yanke rigar, hoton yana biyo baya.

Haka na yi da Hajiyar nan mai turmi biyu. Na shimfiɗa atamfarta a tebur na nuna mata inda furen zai tsage in aka bi yankan hoton. Na tambaye ta abin da ya burge ta a jikin rigar. Ta yi shiru tana kallon wayar, can ta ce, "Wallahi hannun ne, da yadda ƙasan ya baje." Na ce to, za a ba ki hannun nan yadda yake, ƙasan ma zai baje, amma daga ƙarƙashin ƙirji zan sake shi maimakon gwiwa, furen kuma zai zauna cikakke a gaba. Ta ce, "Malam, kar fa ka mai da ni tsohuwa." Na ce in ba ta yi miki ba, ɗinkin turmi na biyu kyauta ne. Ni da kaina na yanka, babban yarona ya haɗa, na sa ya farke hannun hagu sau ɗaya.

Ana jajibiri ta aiko direba ya karɓa. Bayan Sallah da mako biyu sai ga ta da ƙanwarta da wata maƙwabciyarta, kowacce da leda a hannu. Ƙanwar ta ciro waya za ta nuna min hoto, Hajiya ta dafe mata hannu ta ce, "Ajiye wayar nan. Ki tsaya ya auna ki tukuna." Na ɗauko tef daga wuyana, na ce wa yaro ya kawo littafin awo da alli.