Ciwon yana zuciya, amma a kafaɗa Kawu ya ji shi

Kwana biyu Kawuna ya yi a gidansa da ke Jidda yana shafa man zafi a kafaɗarsa ta hagu, domin a ganinsa gajiyar tura keken mahaifiyarsa ce tsakanin Safa da Marwa ranar da suka yi Umara. Sai da muƙamuƙinsa ya yi nauyi, zufa ta karyo masa, sannan na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, zan kira motar asibiti a 997." A asibiti aka gano cewa jini ne ya kasa isa wani sashe na zuciyarsa.

Tun daga ranar nake bibiyar dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa take kuskuren wurin ciwo. Idan ƙaya ta soki yatsa, mutum yakan nuna wurin daidai, saboda fata cike take da jijiyoyin ji, kuma kowane yanki nata yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa. Kayan ciki kuwa jijiyoyinsu na ji kaɗan ne, a warwatse suke. Waɗanda suke ɗauko saƙo daga zuciya suna shiga laka ne ta gaɓoɓin farko na ƙashin bayan ƙirji, kuma a nan suke haɗuwa da jijiyoyin da suka taso daga fatar ƙirji da cikin hannu, sai saƙonnin biyu su hau hanya ɗaya zuwa sama. Ƙwaƙwalwar da ta saba jin labarin hannu kullum, ba ta saba jin na zuciya ba, sai ta ɗora laifin a kan hannu. Wani likitan Ingila, Henry Head, ya bayyana yankunan fata da akan ji ciwon kayan ciki a kansu tun a 1893.

Haka ciwon matsarmama yakan bayyana a kafaɗar dama, na afendis kuma yakan fara a cibiya kafin ya gangara ƙasan ciki ta dama.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ciwon suga, irin Kawu, domin cutar takan lalata jijiyoyi har zuciya ta shiga hatsari mutum bai ji wani zafin kirki ba, sai kasala da tashin zuciya da numfashi sama-sama. Yanzu Kawu yana shan magungunansa a kan lokaci, amma duk wanda ya zo gaishe shi, kafaɗar yake fara nuna masa.