Kafin ka sayi kati, mu fara auna sabis

Shagona ƙarami ne, a wajejen Beirut Road a Kano, tebur biyu da yara uku masu koyon aiki. Da gyaran laftof muka fara, canjin allo da batir da ɗora Windows. Yanzu kusan rabin aikinmu haɗa kwamfutar tebur ne ga samarin da ke buga gem suna watsawa kai tsaye a YouTube ko Facebook ko Twitch, 'yan ƙwallon eFootball da FC da masu harbe-harben Call of Duty. Kusan duk wanda ya shigo tambayarsa guda ce: "Oga, wane kati ne ya fi ƙarfi?" Katin hoto yake nufi, ɓangaren kwamfuta da ke fitar da hoton gem. Ni kuwa kujera nake ba shi, in tambaye shi unguwarsu, da layin da yake hawa intanet, da awa nawa suke samun wuta a rana.

Wasu suna jin haushin tambayar, gani suke ina ja musu rai. Abin da ya sa nake yin ta shi ne irin abin da na gani a wurin wani yaro daga Hotoro. Ya tara kuɗi ya haɗa kwamfuta mai katin RTX 3060, gem yana tafiya sumul a gabansa, amma masu kallo sai rubuto masa suke hoto ya daskare. Ya rantse an sayar masa da mataccen kati. Bayan la'asar na bi shi gida. Ɗakinsa na can ƙurya, rauta, wato na'urar raba intanet, kuma tana falo, bango biyu a tsakani. Na buɗe OBS, manhajar kyautar nan da yawancin masu watsawa ke amfani da ita, na shiga shafin ƙididdiga. Layi uku nake dubawa a wurin: hotunan da suka makara saboda kati ya gaji, waɗanda aka tsallake saboda matse hoto, wato rage girmansa kafin a tura shi, ya yi nauyi, da waɗanda suka zube a hanya saboda sabis. Biyun farko ba su motsa ba. Na ukun ne yake ta hawa kamar mitar wuta.

Da muka auna, saurin saukewa ba laifi, amma na turawa bai kai megabit 4 ba, shi kuma ya saita bitiret ɗin OBS, wato yawan datar da yake turawa a daƙiƙa, a kilobit 6000, megabit 6 ke nan, don ya ga wani ɗan Amurka ya yi haka. Na ce masa, "Ƙanena, kayan raƙumi ka ɗora wa jaki." Muka mayar da shi 2500, hoto 720p, guda 30 a daƙiƙa, muka ja waya daga rauta har ɗakin. Ko ƙusa ɗaya ba mu kwance a jikin kwamfutar ba. A daren ya yi awa biyu babu wanda ya yi ƙorafi.

Mutanenmu saurin saukewa kawai suke kallo, alhali mai watsawa da na turawa yake aiki. Ƙa'idata ita ce kada abin da ka saita ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da layinka ke iya turawa, kuma a auna a lokacin da za ka yi aikin, wato bayan isha'i da kowa ya hau waya, domin awon safe yaudara ne. Sannan a yi lissafin data. Kilobit 6000 yana cin kusan gigabait 2.7 a awa ɗaya, 3000 kuma rabin haka. Wanda zai yi awa uku kullum ya san abin da ke jiran aljihunsa. Masu kallonsa ma galibi a waya suke, da datar da suka saya da gumi, 720p mai tsafta ya fi musu 1080p mai tsinkewa. Sauran saiti ba shi da yawa: CBR, wato bitiret tsayayye, kifiram, wato cikakken hoto, duk daƙiƙa 2, a kunna zaɓin da ke rage bitiret da kansa in sabis ya yi rauni.

Sai bayan nan muke zuwa maganar kati, kuma abin da nake fara nema a jikinsa shi ne sashen matse hoto. Na Nvidia sunansa NVENC, yana ɗauke wa furosesa nauyin aikin, gem ya samu sarari. A nan ake yawan cutar yara. GT 1030 yana da arha, kwalinsa da kyau, amma babu NVENC a cikinsa sam. RX 6400 da RX 6500 XT na AMD su ma ba su da sashen matse hoto. Ko GTX 1650 ta farko tsohon samfurin NVENC ne a cikinta, mai Super ce ke ɗauke da wanda ya biyo baya. Mai ƙaramin ƙarfi nakan nuna masa GTX 1660 Super ta gwanjo mai lafiya. Wanda Allah Ya hore wa, jerin RTX 40 suna matse hoto da sabon tsarin AV1, YouTube yana karɓa, kuma hoton ya fi fitowa a ƙaramin bitiret, abin da ya dace da irin sabis ɗinmu. Furosesa mai zuciya shida kamar Ryzen 5 5600 ko i5-12400 ta wadatar. RAM gigabait 16, amma 8 biyu, kada a sa guda ɗaya. Ga SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri. Mai PS5 kuma katin kama hoto zai ƙara, ya tuna ya kashe HDCP, kariyar da ke hana kwafar hoto, in ba haka ba baƙin allo zai watsa.

Abin da Turawan YouTube ba sa faɗa shi ne zafin Kano. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kati yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai yaro ya ga gem na sarƙewa bayan minti ashirin. Hunturu kuma ƙura ce take toshe fanka, in ka buɗe akwati ka ga kamar auduga. Shi ya sa ba na yarda a kashe kuɗi kan fitilu masu launi a bar akwati babu iska. Duk katin gwanjo sai na kwance shi, na goge tsohon man da ya bushe kamar ƙanzo, na shafa sabo, na bar shi yana aiki awa guda ina kallon zafinsa kafin ya fita daga shagon. Kuma ina ƙayyade wa gem hoto 60 a daƙiƙa, don kati ya bar wa OBS wurin numfashi.

Akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta ba na sa marar suna, ko da mai kayan zai tafi wani shago. Na ga yadda dawowar wuta da ƙarfi ta cinye madabod, babban faifan da ake jona komai a kai, da kati a lokaci ɗaya, yaron ya tsaya a bakin tebur ya kasa magana, kuɗin shekara guda ne. UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, dole ne, rauta ma a jona ta a kai, don in an ɗauke wuta kafin a tayar da janareta kada watsawar ta yanke.

Jiya wani dattijo ya kawo ɗansa, ya ce, "Malam, ni ban san kan abin nan ba, amana na ba ka." Na ce, "Baba, in sha Allah." Na rage kuɗin katin da yaron ya rubuto, na sa makirufo mai kyau da UPS da waya mita 20. Yaron ya ɗan ɓata rai. Gobe bayan isha'i zan je Gwammaja in auna musu sabis kafin in ɗaure ƙusar ƙarshe.