Wata uku a tashar jiragen ruwan Singafo

Kafin a tura ni kwas na wata uku a wani ofishin dakon kaya ta ruwa a Singafo, na ɗauka na gama gano sirrin arzikin ƙasar. Tsibiri ne a bakin mashigin Malaka, inda jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Sin da Indiya da Turai suke bi. Allah ya ajiye su a bakin hanya, shi ke nan. Abin da Baturen Ingila Stamford Raffles ya hango ke nan a 1819, da ya ƙulla yarjejeniya da Sultan Husaini na Johor ya buɗe tashar da ba a karɓar harajin kaya.

A sati na biyu na gane bakin hanya kaɗai ba ya ci da mutum. An ba ni takardun wata kwantena da ta zo daga Indunusiya, za a sauya mata jirgi zuwa Turai. Yamma ta yi, na gaji, na ce gobe ma rana ce. Da safe na tarar an rufe karɓar bayanan jirgin tun cikin dare. Shugabar sashenmu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Malay da kowa ke kira Kak, wato Yaya, ba ta ɗaga murya ba. Kujera ta jawo ta zauna kusa da ni, ta sa yatsa a kan lambar kwantenar a kwamfuta.

Ta kira ni Dik, wato Ƙane, ta ce: "Wannan kayan ba namu ba ne. Mai shi yana da wasu tashoshin da zai bi a Malesiya. Ya zo wurinmu ne don ya san ba za mu ɓata masa lokaci ba."

Sati guda kwantenar ta yi tana jiran wani jirgi. Kullum idan na shiga ofis sai na ji kamar a kaina aka ɗora ta.

Daga nan na fara karanta tarihinsu da wani ido. Ranar 9 ga Agusta 1965 aka raba su da Malesiya, har Firayim Ministansu na lokacin, Lee Kuan Yew, ya yi hawaye a talabijin. Ba su da mai, ba su da gonar kirki, ruwan sha ma daga jihar Johor ta Malesiya ake jawo shi, bisa yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare a 2061. Shi ya sa suke tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, suna kiransa NEWater. Wanda bai da abin haƙowa a ƙasa dole ya nemi abin sayarwa, su kuwa cika alkawari suka sa a kasuwa. A 1972 suka buɗe tashar kwantena a Tanjong Pagar, a 1989 suka kafa TradeNet, takarda ɗaya ta kwamfuta maimakon yawo ofis-ofis. Yawancin kwantenonin da ke sauka a wurin wucewa kawai suke yi.

Kak ta gayyace ni cin abinci a gidanta, a ɗaya daga cikin benayen hukumar gidaje ta HDB, inda kusan mutum 8 cikin 10 na mazauna ƙasar ke zaune. Maƙwabcinta na dama ɗan asalin Sin ne, na hagu Batamile ɗan asalin Indiya. Ta ce ba dace ba ne, tun 1989 doka ta ƙayyade kason kowace ƙabila a kowane bene, saboda ba su manta da rikicin ƙabilanci na 1964 ba.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Jam'iyyar PAP ce ke mulki tun 1959, kuma an tsare ɗan adawa Chia Thye Poh shekara 23 ba tare da shari'a ba. Na kan tashi da asuba don kada in sake makara, kuma a hanyar zuwa tashar kwantena ta Pasir Panjang nake haɗuwa da leburorin Bangaladash da Indiya, a jere a bayan motar ɗaukar kaya, hular kwano a cinya, wasu na gyangyaɗi. Duk sammakon da nake taƙama da shi, sun riga ni fita.