Yadda na haɗa sikelin shanu a Hotoro

Gabanin Babbar Sallah wani mai kiwo a Hotoro ya kira ni. Ya gaji da cinikin ido irin na kasuwar 'Yan Awaki, yana so ya riƙa sayar da shanu da raguna a kan kilo. Mai walda ya riga ya ƙera kejin ƙarfen. Nawa aikin shi ne sa lodsel huɗu, wato na'urorin da ke jin nauyi, ɗaya a ƙarƙashin kowace kusurwa, da akwatin haɗin waya, da kan sikeli mai nuna lamba.

Lodsel guntun ƙarfe ne da aka manna wa siraran wayoyi a jiki. Nauyi na hawa sai ƙarfen ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba, wutar da ke fita ta canja. Wutar kuwa 'yar mitsitsiya ce. Namu an rubuta musu 2mV/V, wato in ka ba shi bolt 5, ko ya ɗauki iyakar nauyinsa milibolt 10 kacal zai fitar. Shi ya sa ɗan laima ko haɗin da bai ɗauru ba ke sa lamba rawa.

Ban ɗaura komai ba sai da na auna kowanne da mitar awon wuta. Galibi ja da baƙi ne ke shigar da wuta, kore da fari su fitar da sigina, amma bakin kamfanoni bai zo ɗaya ba a kan launi, don haka takardar da ta zo da kayan nake bi. Tsakanin kore da fari na samu om 350 (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta), ja da baƙi suka ɗan haura haka. Tsakanin kowace waya da jikin ƙarfen kuwa, mita bai nuna haɗi ba, kuma haka ake so. A cikin akwati kowace waya ta bi 'yar'uwarta. Rarar wayar naɗe ta na yi, ban yanke ba, don da tsawonta aka saita lodsel ɗin tun daga masana'anta.

Ina cikin haka mai walda ya jawo injinsa zai ƙara wa ƙofa ƙarfi. Na ce, "Maigida, dakata mu cire su tukuna." Wutar walda in ta ratsa lodsel, ya tashi aiki ke nan.

Gwajin kusurwa ne ya ci min lokaci. Buhun siminti ɗaya na riƙa ɗorawa a kowace kusurwa. Uku suka yi daidai da juna, ta huɗu ta rage kilo 3. Yaron shagona har ya ɗauko sukuddireba zai murɗa saitin akwati, na hana shi. Da muka leƙa ƙasa, ashe matakalar hawa ce ta jingina da kejin tana ɗauke wani nauyin. Muka ja ta baya kaɗan, lamba ta dawo. Saitin akwati na ɗan bambanci ne, ba ya gyara keji mai gogar wani abu.

Siminti ya isa gwada kusurwa, amma saitin ƙarshe da ƙarafan awo na aro na yi shi, tunda kuɗin mutane za a karɓa. Sannan na kunna tsarin awon dabba, mai ɗaukar matsakaici ya riƙe lamba, don dabba ba ta tsayawa cak.

Da aka shigar da wani bunaji, Alhaji mai kiwon ya dubi lambar ya ce, "Malam, ai na ɗauka ya fi haka." Muka fitar da shi, sikeli ya koma sifili, muka mayar, lambar ba ta canja ba. Wayoyin na zura su a bututu saboda ɓera da fitsari, na ɗaga akwatin sama, na kuma gaya wa masu kula su riƙa kwashe kashin da ke taruwa a ƙarƙashin kejin kafin ya bushe ya tokare shi.