Daga awon gyaɗa zuwa neman MBA

Shekara shida ina fama da gyaɗa, ba sayarwa ba kuma ba suya ba, awo kawai. In bi kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ina sayen mudu ɗaya nan rabin mudu can, wani lokacin har Alkaleri da Darazo, in kai lab in niƙa in auna aflatoksin, gubar nan da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba aka ɗura a buhu, ita ce ke cin hanta a hankali mutum bai sani ba. Ƙasashen Turai ba sa karɓar gyaɗar ci in gubar ta haura kashi 4 cikin biliyan, ku ji ƙanƙantar abin fa. Kuma ba wai babu magani ba ne, masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tuni suka fitar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar.

Kawuna ne ya ɓallo min ruwa. Shi mai injin matsar man gyaɗa ne, ranar nan ina ta zuba masa bayani da yaren 'yan boko, sai ya ce, "Kai ɗana, wanda ya shanya gyaɗarsa a kan tamfol da wanda ya baza a ƙasa, kuɗi ɗaya nake ba su, to me zai sa wancan ya wahalar da kansa?" Wallahi na rasa amsa. Takardu uku na wallafa a mujallun bincike, babu ko ɗaya da ta taɓo wannan tambayar. Daga nan na fara tunanin makarantar koyon kasuwanci, in yi MBA, wato digiri na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci.

Na raina GMAT, jarrabawar neman shiga irin waɗannan makarantu, tun farko, ba zan ɓoye ba. Na ce mutumin da ya kwana ya tashi da lissafi ai sai dai ya je ya ɗauko makinsa. Jarrabawar kashi uku ce, kowanne minti 45, tambayoyi 64 gaba ɗaya, maki daga 205 zuwa 805. Ashe ɓangaren lissafin ba a yarda da kalkuleta ba, ni kuwa rabon da in raba lamba da ka tun sakandare, komai Excel ke min. Kusan minti biyu kake da shi a kan kowace tambaya, ga mu 'yan lab an horar da mu kar mu ce komai sai mun maimaita gwaji sau uku. Ɓangaren jadawali da zane-zanen bayanai ne kawai na ji ni a gida. Ana iya rubutawa daga ɗaki ta intanet amma da wutar Bauchi da netwok ɗinmu ban ɗauki wannan kasadar ba, bayan na biya sama da dala 200, gara na hau mota.

Amma duk wannan wasa ne a kan rubutun bayanin kai da makarantun ke nema. Na rubuta na farko na tura wa wata yayata da ke aikin banki, ta kira ni tana dariya, wai "ƙanina, na karanta shafi biyu ban ga ka ba." Na koma na duba, gaskiya ce. An tattara samfuri, an auna, an gano cewa. Haka aka koya mana rubutun kimiyya, ka ɓoye kanka a bayan "an", ga kuma tarbiyyar gida da aka ce yabon kai jahilci, sai abin ya haɗe min biyu. Su makarantun kuwa so suke ka ce ni na yanke shawarar kaza, mutum kaza suka bi ni, ga abin da ya fito, ga inda na yi kuskure. Na ce ni wane shugabanci na taɓa yi? Ta ce lokacin da wuta ta yi kwanaki babu, firiza na shirin narkewa da samfurin ɗalibai tara, wa ya bi su ɗaya ɗaya ya haɗa kuɗin man janareta ya tsara wa zai kwana yaushe? Ni ne. Ni a lissafina wannan wahala ce kawai da ta wuce, ban taɓa kawo cewa abin rubutawa ba ne.

CV ɗina mai shafi bakwai ya koma shafi ɗaya, duk tarukan da na halarta suka fita, har yanzu abin na min ciwo kaɗan.

Sai takardar shaida. Na je wajen malamina da ya duba digirina na biyu, ya cire tabarau ya ce, "Yanzu kai ma ka bar ilimi za ka bi kuɗi?" Na ce ranka ya daɗe ba barin ilimin zan yi ba, kasuwa nake son kai shi. Bai gamsu ba amma ya rubuta, layi uku, yaro ne mai ladabi da ƙwazo. Fom ɗin da zai cike kuwa tambaya yake wane gyara ka taɓa yi wa ɗalibin kuma ya ya karɓa. Sai da na koma da ladabi har sau biyu, na tuna masa ranar da ya yaga min babi guda.

Batun kuɗi kam sai addu'a. Makarantar INSEAD ta Faransa wata 10 ne karatun amma in ka juya kuɗin zuwa naira sai ka nemi wurin zama. Tallafin Chevening na Ingila yana son aikin shekara biyu, awa 2,800, kuma akwai iyakar abin da suke biya wa mai MBA, cikon naka ne. Shi ya sa na saka Lagos Business School da ke Ajah a lissafi, ko ba komai kasuwar da za a koya min ita ce wadda Kawu ke ciki.

Sati mai zuwa nake da intabiyu ta bidiyo, na ari ɗakin wani abokina mai sola. Jiya na faɗa wa Kawu, ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in na tashi kafa kamfani in sani shi ba zai ƙara ko naira a kan buhu ba sai na nuna masa wanda zai sayi man da tsada.