Kalmar kantor da jan biron malamina

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin coci, malaminmu na kiɗa ya ba mu wata takarda a kan Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Jamus, ya ce mu mayar da ita Hausa. Da na iso kalmar kantor, wadda ita ce sunan aikin Bach, ban tsaya wata-wata ba na rubuta "mawaƙin coci". Malam ya ja mata layi da jan biro, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka don muryarsa aka ɗauke shi aiki?"

Abin ya yi mini zafi, domin asalin kalmar yana goyon bayana. Daga harshen Latin ta fito, cantor, wato mai rera waƙa. Amma da ta daɗe a cocin Turai sai ta zama sunan muƙami. A majami'un Lutheran na Jamus, kantor malamin makaranta ne da aka ɗora wa nauyin waƙar ibada gaba ɗaya. Bach ya riƙe wannan kujera a cocin Thomas da ke Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Waƙar coci huɗu na birnin tana wuyansa, ga yaran makarantar kwana da yake horarwa, har darasin Latin yana cikin aikinsa, sai da ya biya wani ya riƙa yi masa. A 1730 ya rubuta wa majalisar birnin kuka: cikin yaransa 17 ne suka iya, 20 ba su nuna ba tukuna, 17 kuwa ba sa moruwa. Da na karanta wannan sai na ji kamar shugaban ƙungiyar mawaƙanmu ne ke magana ranar Asabar da yamma.

Yahudawa ma, a Turance, kantor ake kiran hazzan ɗinsu, mai jan addu'a da rerawa.

Kwana uku ina juya kalmomi. Amsar a zumuntar mata na same ta, inda baba tsohuwa guda take ɗaga baiti, tulu da ganga su ɗauka, sauran su amsa. Ba ta fi kowa zaƙin murya ba, amma idan ba ta zo ba waƙar ba ta tashi. Mai ba da waƙa muke ce mata, saura 'yan amshi. Na goge abin da na rubuta, na sa "malami mai ba da waƙa". Malam ya karanta, ya ɗan yi shiru, ya ce in bar shi haka.